Yadda Ake Kafa Dandalin Intanet Don 'Yan Ƙwallon Unguwa a Abijan

Ɗan'uwa, idan ka ƙudura niyyar kafa dandalin sada zumunta don ƙungiyoyin ƙwallon unguwa a Abijan, rufe kwamfutarka tukuna. Sayi leke, takalmin robar nan da samari ke murza leda da shi, ka nufi Adjamé ranar Lahadi da hantsi. Wasan da za ka tarar shi ne maracana: shida da shida, a ƙaramin fili, babu gola. Idan manhajarka ta buɗe da tambayar sunan mai tsaron raga, an gane kai baƙo ne, kuma har a tashi ana yi maka dariya.

Abokin hamayyarka kuwa ba Facebook ba ne, zauren WhatsApp na ƙungiya ne, inda ake sanar da wasa tsakanin gaisuwar Juma'a da katin ɗaurin aure. Kyauta ne, kowa ya iya shi. Sai dai akwai abin da ya gagare shi, wato lissafin kuɗin karo-karo. Don haka kada ka ɓata lokaci wajen ɗan wasan gaba mai yawan cin ƙwallo. Nemi ma'aji, bawan Allahn nan da ke yawo da littafi mai naɗaɗɗen bango a aljihu, yana bin ƙarti bashin sefa 500 na jesi da ruwan sha. Haɗa masa manhajar da Wave da Orange Money da MTN MoMo, ta riƙa nuna wanda ya biya da wanda "network" ya hana tun watan jiya. Ranar da ma'aji ya huta, ka samu ƙungiya sukutum.

Sa maɓallin saƙon murya babba. Mutanenka Hausa suke yi da Jula da Faransanci da Nushi, wani lokaci duk a numfashi ɗaya, kuma babu mai rubuta ƙorafin fanareti da yatsa. Ka gwada manhajar a tsohuwar waya mai fasasshen gilashi daga Black Market na Adjamé, domin irinta ce a hannun kyaftin.

Sakamakon wasa kada ya fito sai kyaftin biyu sun amince. In ba haka ba, 'yan Treichville za su rubuta 3 da 1, 'yan Adjamé su rubuta kunnen doki, kai kuma a same ka a tsakiya kamar alƙalin da ya manta usur. Lokacin fara wasa ma ka bar masa sarari, saboda wanda zai tsallako gadar Houphouët-Boigny yana ce maka "ga ni nan" tun yana wanka.

Yi wa kamfani rajista a CEPICI, ka kuma kiyaye dokar kare bayanan mutane ta 2013 da ARTCI ke kula da ita, tunda lambobin wayar jama'a amana ce. A fom ɗin shiga, kada ka kuskura ka tambayi wa mutum ya goya wa baya ranar 11 ga Fabrairun 2024, da Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a Ebimpé. Akwai gidajen Hausawan da har yau ba a gama wannan shari'a ba.

Bikin ƙaddamarwa ba ya buƙatar otal. Sayi garba, acheke da soyayyen kifi da barkono, ka tara kyaftin-kyaftin a bakin fili bayan wasa. Fara da ƙungiya biyu, ɗaya daga Adjamé ɗaya daga Treichville, kuma ka tabbata ma'ajinsu ya ci ya ƙoshi.