Tuban Muzuru a TikTok

A da, idan mutum ya tafka abin kunya a unguwa, sai ya tattara komatsansa ya koma wurin kawunsa a ƙauye har ƙura ta lafa. Yanzu idan ɗan TikTok ya yi aika-aika, mabiya yake tattarawa.

Kowa ya haddace yadda abin ke tafiya. Ranar farko a yi ta tsinuwa, washegari malam ya ɗauki zancen a wa'azi. Rana ta uku sai ga bidiyon ban haƙuri: hijabi har ƙasa, fuska babu hoda, murya ƙasa-ƙasa. "Sharrin Shaiɗan ne, ina neman afuwar al'ummar Annabi." Shaiɗan dai yana shan zargi, alhali ba shi ya saita kyamara ya gyara haske ba. Kafin Juma'a ta zagayo baiwar Allah ta koma tallan turaren wuta da maganin sanyi, kuɗin tallan ma ya ƙaru, tunda yanzu har a ƙauye an san ta. Tuban muzuru ke nan, kaza a baki.

Ku dubi Murja Kunya. A 2023 kotun Musulunci a Kano ta sa ta sharar asibitin Murtala. A 2024 Hisba ta kama ta, aka yi ta dambarwa, a tsakiyarta har Sheikh Daurawa ya ajiye muƙaminsa na shugaban Hisba kafin a sasanta ya dawo. A 2025 EFCC ta gurfanar da ita kan wulaƙanta naira, kotu ta yi mata hukunci, ta kuma naɗa ta jakadiyar yaƙi da wulaƙanta nairar. Wani yana nan da digiri biyu, ko wakilcin layinsu bai samu ba. Ita ma Rahama Sadau, da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kora a 2016, shekara shida bayan nan a fim ɗin Indiya muka gan ta.

Ba wai ba a shan wuya ba ne. Matasa biyun da suka yi wa Gwamna Ganduje shaguɓe a 2022 sun sha bulala ashirin-ashirin, ga tara, ga sharar kotu. Da alama tarbiyya tana da haƙuri, gwamna ne ba shi da shi.

Su wa ke ɗaukar nauyin wannan sana'a? Mu ne, da datarmu. Manhajar nan ba ta san bambancin "Allah ya isa" da "Allah ya ƙara basira" ba, duk sharhi ne, ƙirgawa take ta ƙara tura bidiyon gaba. A majalisarmu akwai wani Alhaji da ya fi kowa iya Allah wadai. Sai ya gama salati da girgiza kai, ya ce zamani ya lalace, sannan ya matso kusa da yaron da ke riƙe da waya:

"Kai, turo min in ga iyakar rashin kunyar. An ce akwai kashi na biyu ko?"