Jarrabawar Mai Tsohuwar Jaguar

Idan Allah Ya jarrabi Baturen Ingila da son Jaguar E-Type, wadda ta fito a 1961, sai ya sauke injinta mai silinda shida, ya baje fistin da ringi bisa teburin cin abinci, ya shafe watanni yana sulhunta kafireta uku waɗanda, kamar kishiyoyi, ba su taɓa yin ittifaƙi a kan komai ba. Bayan kuwa ya ɓatar da dukiyar da ta haura nisabi, ranar da motar ta tashi, sai ta ɗiga masa baƙin mai a gareji. Shi kuwa ya kafa hujja da cewa in da babu mai a cikinta, ai da ba ta ɗiga ba.