Ƙa'idojin Ƙaura Tsakanin Android da iPhone, Ga Wanda Ya Riga Ya Biya Kuɗi

Babbar manhajar waya, wato tsarin da ke tafiyar da duk sauran manhajojin da ke cikinta, iri biyu ce ta mamaye duniya a yau: Android, wadda kamfanin Google ya saya a 2005 kuma wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, da iOS ta kamfanin Apple, wadda ta zo tare da iPhone a 2007. Masana sukan kwatanta su ta fuskar kyamara da sauri da tsaro, sai dai wannan kwatanci ba ya amfanar mutumin da ya riga ya miƙa kuɗinsa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya dawo gida da kwali a hammata. Saboda haka shawarwarin da ke tafe na wanda aikin gama ya gama a kansa ne, kuma ba za a ɓata takarda wajen bayanin yadda ake cire layi da 'yar allurar nan ba, tunda an san ta ɓata tun a shago.

Shawara ta farko ita ce mai ƙaura daga Android ya haƙura da kunna sabuwar wayarsa, duk yadda hannu ke ƙaiƙayi. Dalili kuwa shi ne manhajar Move to iOS, wadda Apple ya fitar a 2015 domin kwashe kayan baƙi zuwa gidansa, tana yin aikinta ne a lokacin da ake saita waya karon farko, kuma bisa al'ada mutum yakan samu wannan labari bayan ya gama saitin, ya ɗauki hoton kansa, ya tura wa 'yan uwa su taya shi murna. Daga nan sai ya goge komai ya koma farko.

A nan ne ya wajaba a tsaya kan WhatsApp, domin abin da ake kira ƙaurar waya a haƙiƙa ƙaurar WhatsApp ce, sauran duk rakiya suka yi. Ajiyar hirarraki, wato kwafin da manhajar ke adanawa a intanet saboda ɓacin rana, tana zuwa Google Drive ne a wayar Android, tana zuwa iCloud a iPhone, kuma waɗannan ma'adanai biyu ba sa ga maciji da juna, ta yadda ajiyar da aka yi a ɗaya ba ta buɗuwa a ɗayan. Sai a 2022 aka samar da hanyar hukuma ta kwashe hira daga Android zuwa iPhone. Abin da ake kwashewar kuma ya cancanci nazari na musamman, domin ya ƙunshi hotunan furanni masu ɗauke da gaisuwar Juma'a, da katunan bikin da aka riga aka yi sunan 'ya'yansa, da saƙon murya mai tsawon huɗuba daga gwaggo, da bidiyo guda wanda zaurukan dangi da na 'yan makaranta da na unguwa kowanne ya turo nasa kwafin. Duk wannan dukiya za ta tarar da cewa Google gigabayit 15 yake bayarwa kyauta, Apple kuwa 5, bayan haka sai biyan wata-wata, kuma babu iPhone ɗin da aka taɓa yi wa ramin saka katin memori. Babu wanda ya isa ya goge saƙon gwaggo.

Shawara ta biyu ta shafi babban yatsa, wanda ya shafe shekaru yana neman alamar komawa baya a ƙasan allo, yanzu kuma aka mayar masa da ita can saman hagu, inda ba ya kaiwa sai da taimakon ɗaya hannun. Ba shi da magani. Mai ƙaura zuwa Android shi ma kada ya yi dariya, domin zai gano cewa kowane kamfani yana yi wa tsarin nasa kwaskwarima, Samsung da One UI, Tecno da HiOS, Infinix da XOS, har ya zama maɓallin da maƙwabci ya nuna masa a wayarsa babu shi a tasa.

Ta uku, a tuna da kashe iMessage, wato tsarin aika saƙo na Apple, kafin barin iPhone, in ba haka ba wasu saƙonni za su ci gaba da zuwa wayar da aka bari.

Ta huɗu caja ce, ko da yake ita ya kamata a fara da ita. Daga 2012 Apple ya yi amfani da bakin caja nasa na kansa mai suna Lightning, bai koma USB-C, wanda galibin wayoyin Android na zamani ke amfani da shi, ba sai da iPhone 15 a 2023, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar caja iri ɗaya, sannan tun 2020 ya daina saka kan caja a kwali da hujjar kare muhalli. Ma'anar wannan ga mai tsohon samfuri ita ce idan aka ɗauke wuta, batir ya yi ja, zai zaga gida ɗaki-ɗaki yana tambaya, kowa na miƙo masa igiyar da ba ta shiga.

Wata shawarar, wadda lissafinta ya ɓace, tana kan layi. Mutumin da ya saba da layi biyu, ɗaya na kira ɗaya na data, zai iya sayen iPhone 14 ta hannu wadda aka yi wa kasuwar Amurka, ya juya ta gaba da baya bai ga ramin layi ba, domin tun 2022 samfurin Amurka eSIM kaɗai yake karɓa, wato layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. Idan kuma tsohon mai wayar bai cire asusunsa ba, makullin da Apple ya shigo da shi a 2013 domin hana sata zai riƙe ta gam, tana neman kalmar sirrin wani bawan Allah da ke wata nahiya. Kuma gaskiya abin da ban haushi ƙwarai, kamfanonin da suka iya ƙera wayar da ke gane fuskar mai ita a cikin duhu su ce wai kwashe saƙonnin rubutu daga wannan waya zuwa waccan ya zama aikin yini guda, alhali kuɗin manhajar da aka saya a wancan shagon ma ba ya bin mutum zuwa wannan.

Dangane da tsohuwar waya, kada a sayar da ita, kada kuma a ba ƙane kyauta tukuna, domin manhajar banki tana nan a kanta, layi na biyu ma haka, kuma ita ce za ta riƙa ba sabuwar intanet har zuwa lokacin da aka tara kuɗin igiyar caja ta biyu.