Yadda Ake Farautar Almuru a Turawa ta Karaye

Da farko dai, ɗan'uwa, ka cire rai cewa rana za ta jira ka. A ƙasar Karaye, daga nutsewar ƙwayar rana zuwa lokacin da za ka kasa bambanta akuya da tunkiya, abin bai wuce minti 20 da 'yan kai ba. Mutanen Ingila kan sami ninkin haka a watan Yuni, don tasu ranar a karkace take sauka. Tamu kuwa, da yake muna kusa da tsakiyar duniya, a miƙe take faɗawa. Gaisuwa ɗaya ta mutunci, a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi ruwa da amfanin gona, ta isa ta cinye maka wannan ɗan lokaci gaba ɗaya. Saboda haka ka iso da La'asar sakaliya, ka gama gaishe-gaishenka tun kyamara tana cikin jaka. Ka fara da mai unguwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Idan madatsar ruwa ta Challawa ka nufa, ka tuna tana da masu ita, wato Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, sai ka nemi izinin masu gadi kafin ka ɗaga komai. Ginin da aka kammala a 1992, mai tsayin mita 42 da tsawon kusan kilomita 8, ba wurin da baƙo zai kafa ƙarfe mai ƙafa uku ba ne babu sallama.

A watan Nuwamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 6, a Yuli kuma sai dab da ƙarfe 7. Ba ta kuma faɗawa a gurbi ɗaya: a Disamba takan karkata kudu, a Yuni ta karkata arewa. Kada ka wahalar da wayarka kan wannan. Tambayi masunci, zai nuna maka da baki daidai bishiyar da take sauka a bayanta a wannan makon. Sai ka nemi gefen da ruwa zai kasance tsakaninka da yamma.

Yanzu maganar gilashin kyamara, inda samari ke zubar da kuɗi. Duk wanda ya ga faɗin ruwan nan, zuciyarsa za ta ce masa ya ɗauko gilashi mai buɗaɗɗen ido, 16mm ko 24mm, ya kwashe komai har da garin Rogo idan ya yarda. Ya koma gida ya duba: sama fal, ruwa fal, ranar da ta cika masa ido ta zama ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero a faifai. Irin wannan gilashi yana ƙanƙantar da na nesa, yana kumbura na kusa, don haka sai ka ba shi abin da zai ci a gabansa. Goshin kwalekwale da aka ja gaɓa, gorar masunci, sawun shanu a taɓo, ko kututturen da ruwa ya janye ya bari. Ka durƙusa, ka matsa har ka ji ƙarnin kifi. Idan babbar rigarka ba ta taɓa ƙasa ba, ba ka kai ba tukuna.

In kuwa rana kake so ta fito ƙatuwa a bayan kuka ko giginya, ko garken Fulani yana komawa ruga cikin ƙurar da ta yi ja, to ja da baya ka sa mai jawo nesa, 135mm ko 200mm. Shi yana tattaro abubuwa ne ya jera su kafaɗa da kafaɗa, mai fito da ke tsakiyar ruwa ya zama kamar yana shafar bishiyoyin tsallake. Ni a wurina wannan gilashi ya fi dacewa da ƙasarmu, domin shimfiɗaɗɗiya ce, kyanta yana cikin jerin bishiyoyi da hayaƙin girki da ke kwanciya a kan gonaki. Amma ka kiyaye idonka: kada ka leƙa rana ta cikinsa tun tana da ƙarfi, ka duba ta allon baya.

Sai babbar tambaya: daga ina zuwa ina abubuwa za su fito tas? Wannan yana hannun ƙofar haske da ke cikin gilashin. Lambobinta a juye suke, f/2.8 ƙofa ce a wangale, f/16 kuma 'yar tsukakkiya. Ka wangale ta, haske ya shigo da yawa, amma abu ɗaya ne zai fito, saura su narke. Ka tsuke ta, na kusa da na nesa su fito tare, sai dai hasken ya ragu. Daga f/8 zuwa f/11 rabin haskenka ya tafi, ga shi kuma almuru ba ya ba da bashi. Ga lissafin da za ka rubuta a tafin hannu. A kyamara mai cikakken faranti, da 24mm a kan f/11, ka saita ido a abin da ke mita 2 daga gare ka, komai daga wajen mita 1 har ƙarshen gani zai fito. Da 200mm a kan f/11 ɗin dai, sai ka saita a wajen mita 120 kafin ƙarshen gani ya shigo, kuma duk abin da bai kai mita 60 ba zai dushe. Ke nan da mai jawo nesa dole ka zaɓa: ko masunci, ko tsallake. Zaɓi masunci. Kada kuma zari ya kai ka f/22, domin idan ƙofar ta tsuke da yawa hasken kan watse, hoton duka ya yi laushi.

Tunda ka tsuke ƙofa, ka bar ISO a 100, kyamara za ta nemi daƙiƙa ɗaya, biyu, har goma tana haɗiyar haske. Babu hannun da zai tsaya cak haka, balle na wanda sauro ya gano. Idan ba ka da mai ƙafa uku, cika 'yar jaka da yashi ka aza a kan dutse, ko ka ari turmi ka kife. Sa kyamara ta ƙirga daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, ka janye hannunka. Ruwan zai kwanta sumul, kwalekwalen da ke tafiya ya zama zane.

Yara za su zo, wannan babu makawa, kuma kowanne ya san daidai inda zai tsaya ya tare maka rana. Kada ka kore su. Ɗauke su tun da sauran haske, nuna musu fuskokinsu, sannan ka naɗa babbansu sarkin fili. Ba ka da mataimaki kamarsa. Matan da ke wanki ko ɗibar ruwa kuwa, ka kau da gilashinka sai an yarda maka. Da an kira sallah iyaye za su kira yaran gida, kai ma ka rufe kyamara ka bi sahu, alwalarka dama tana nan tun ɗazu. Babu asara a ciki. Idan ka sallame, kafin ka juya, duba gabas ko za ka riski wata 'yar jar ɗamara a saman shuɗi mai duhu. Shuɗin nan inuwar duniya ce take hawa. Sannan ka koma yamma, inda shafaƙi ke ci, ruwa ya kwashi launinsa. Galibi hoton da za ka rataye a falo a nan yake.

Mai Tecno ko Infinix, kada ka ji an bar ka a baya. Ƙaramin idon waya yana fitar da kusa da nesa tare ba tare da lissafi ba. Goge shi da gefen riga, don man ƙosai ne ke sa rana ta yi gashi. Kashe filasha, ba ta haska abin da ya wuce 'yan taku. Taɓa sararin sama a allo, ja hasken ƙasa kaɗan, ka jingina wayar da wani abu. Kuma ka daina buɗa hoto da yatsu biyu, tako da ƙafarka.

Ƙarshen damina ya fi ba da launi, lokacin da gajimare ke nan kuma ruwa ya cika. Da hunturu hazo kan shanye rana tun ba ta kai ƙasa ba, kuma canza gilashi a fili gayyatar ƙura ce har cikin kyamara, sai ka zaɓi ɗaya tun daga gida. Ka sa riga mai dogon hannu, ka riƙe tocila, ka bar bakin ruwa kafin Isha'i. Mai babur ɗin da ya kawo ka kuma, ka ba shi rabin kuɗinsa, rabin sai ya dawo ɗaukarka.