Ire-iren 'Yan Yawon Kallo a Ƙasar Dambatta

Dambatta gari ne a arewacin Jihar Kano, a kan titin da ya tashi daga birni ya nufi Kazaure da Daura. Ƙasar noma ce, gona jingine da gona, ƙauye na jin kiran sallar ƙauye, ba wani daji sai gawo da ɗorawa da kuka da manoma suka bari tsaye a tsakiyar gero da dawa. Wuraren da magidanci zai kai iyalinsa su buɗe ido a ƙirge suke, kuma yawancinsu ba ƙofa ba tikiti: kasuwar Lahadi da karar shanunta, bakin Dam ɗin Tomas, filin dambe da kokawa in kaka ta yi, da sukuwar dawaki a lokacin Sallah ko bikin aure. Kowa ya san wuraren nan tun yana goye. Abin da ke sabunta su kullum shi ne masu zuwa kallon, waɗanda suka kasu kamar haka.

Maigida mai lissafi

Shi ke ɗaukar nauyin tafiyar, kuma ba ya bari a manta. Tun daren Asabar yake ƙirga kawuna, ya ware waɗanda za a biya wa kujera da waɗanda za a ɗora a cinya. A lissafinsa, yaro ba ya wuce zaman cinya sai ya fara gemu. A tasha yakan yi ciniki da mai adaidaita-sahu kamar mai sayen bijimi, har ya juya ya yi taku uku don a kira shi. Gwanintarsa kuwa sai a gaban mai rake: kara ɗaya, yara bakwai, kowa gaɓa guda, gindin mai zaƙi na wanda ya biya. Amsarsa ɗaya ce, "a gida ma akwai", kuma ta shafi tsire da ƙanƙara da balan-balan da raƙumi. A hanyar komawa ne akan hangi sabuwar tocila a aljihunsa, wadda ya ce ta amfanin gida ce baki ɗaya.

Uwargida mai guzuri

Ba ta yarda da abincin da ba ta ga wankin tukunyarsa ba. Kayanta na yini guda su ne tabarma biyu, buta, kuloli uku na dambu da shinkafa, jarkar zoɓo, zanen goyo na ko-ta-kwana da man zafi. In aka fito da su ƙofar gida, maƙwabta kan zaci tashi za a yi daga garin, har wasu su fara neman gafara. A bakin dam takan zaɓi inuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta ba ruwan baya, ta shiga rabon abinci. Ba ta ganin dam ɗin sai ta je wanke kwanuka. Da azahar ta yi, waɗanda suka fi yi mata tsiya da safe su ne na farkon wanke hannu.

Kawu masani

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne cewa manyan madatsun ruwan Kano, irin su Tiga da Bagauda da Tomas da Watari, sun samo asali ne daga shirin noman rani na Audu Baƙo, wanda ya yi gwamna daga 1967 zuwa 1975, kuma kwalejin aikin gona ta Dambatta sunansa take ɗauke da shi. Haka nan garin na Dambazawa ne, zuriyar Dabon Dambazau na cikin jagororin jihadi a Kano, gidan da ke riƙe da sarautar Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki huɗu. Kawu masani daga nan yake farawa, sai dai ba a nan yake tsayawa ba. A bakinsa, shi ya riƙe wa injiniyoyi igiyar awo, ko da yake an yi Dam ɗin Tomas kafin a yaye shi. Zurfin ruwan giginya uku ne a kan juna in da safe aka tambaye shi, biyar in da yamma ne. Akwai kuma wata tarwaɗa da ta haɗiye maraƙi a kan idonsa. Ana gane shi da miƙaƙƙen yatsa da faɗin "ai ku yara ne". Maganinsa rake, domin baki ba ya haɗa shan rake da ba da tarihi.

Kaka mai tsoron ruwa

Ta biyo ne don kada a je ba ita a yi ɓarna. A wurinta kwalekwale ice ne da aka rarake, kuma mai hankali ba ya ba ice amanar ransa. Ta san gurbin 'yan ruwa, ta san ba sa son hayaniya da tsakar rana. Jikanta na taka jiƙaƙƙen yashi za a ji ta: "Kai maigidan, dawo nan, kar ka bar ni da takaba!" Jikarta mace kuwa sai ta ce mata, "Ke kishiya, in kin faɗa ba ni zan tsamo ki ba", alhali ta riga ta damƙe gefen mayafinta. Duk cikin rukunan nan, ita kaɗai ce dariyar da ake mata ba ta kaiwa ƙarshe. Mutanen yankin ba su manta da hatsarin kwalekwalen Dam ɗin Watari na Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, wanda ya ci rayuka da dama, akasari na ɗaliban Islamiyya. Tun daga nan magidanta da yawa suka koma ra'ayin kaka: ba lodi fiye da kima, ba shiga ba rigar ruwa.

Ɗan birni

Sallah ce ta kawo shi daga Kano ko Abuja ko Legas, cikin shadda mai tsayawa da kanta. A kara yakan toshe hanci da hankici, kamar ba shi ne ya yi shekaru yana kwasar taki a mangala ba. Duk abin da aka nuna masa akwai wanda ya fi shi a Ado Bayero Mall. Yana tambayar sunan ɗinya da kanya kamar baƙon Bature. Lamarin kan warware ne a rumfar masu fura: ludayi na farko yana yatsina, na biyu ya cire tabarau, na uku Hausar ƙauyensu ta dawo masa cif. Daidai nan wata tsohuwa kan gane shi, ta kira shi da laƙabin da aka sa masa yana kiwon awaki, a gaban amaryarsa. Yakan koma birni da bayan mota cike da gero da wake da zabi biyu.

Mai waya

Namiji ne ko mace, alamarsa ɗaya: kowa na fuskantar dawaki, shi ya ba su ƙeya, ya ɗaga waya sama yana murmushi. Mahaya sun san shi, domin shi ne ke sa a ja linzami ba shiri. Sai ya koma gida da dare yake ganin sukuwar, ita ma rabi, tunda fuskarsa ta cinye sauran. Daga la'asar zuwa magariba akan same shi a rumfar mai caji, yana jira kamar mai jinya.

Manomi mai zuciya a gona

An ce masa hutu za a je, ya amsa don kada a ce ya ƙi. Ana isa Tomas, yara suka nufi ruwa, shi kuma ya nufi fadamar 'yan noman rani. Yakan tsuguna a bakin kwamin albasa, ya murza ƙasa, ya tambayi irin da aka shuka, da kuɗin man inji, da yadda tsutsa ta yi da tumatir bana. Iyalinsa kan ci abinci su tattara ba a gan shi ba. A kasuwa ma haka: an zo sayen kayan Sallah, ya dawo da ƙotar fartanya da igiyar tunkiya. Shi kansa a wurinsa ya huta, domin ya yini yana kallon wahalar da ba tasa ba.

Yaro mai ɓacewa

Kowane gida na da guda, yawanci ɗan shekara biyar zuwa takwas. Ba ya ɓata sai lokacin da aka gama lodi za a tashi. Masu ƙwarewa ba sa ɓata ƙafa wajen nema, wurare uku suke dubawa: da'irar mai wasa da biri, gindin lasifikar mai maganin gargajiya, da inda aka durƙusar da raƙuma. In ya faskara sai a kai cigiya masallaci, inda uwa ke faɗin launin rigarsa, uba kuma ya faɗi wani daban. Akan tarar da shi zaune a benci yana cin awarar da wani bawan Allah ya saya masa, yana shaida wa jama'a cewa babansa ne ya ɓata.

Alƙalin bayan fage

Na filin dambe ne. Bai taɓa naɗe hannu ba, amma ya san kuskuren kowane ɗan dambe na Kudu da Arewa da Guramaɗa. Tun turmin farko yake faɗin wanda zai yi kisa, in kuma aka kashe nasa, to santsi ne ko asiri. Yana kallo yana kai naushi a iska, saboda haka wanda ya tsaya kusa da shi ya riƙe hularsa. Da mai kalangu ya juyo wajensa yana neman kari, sai ya tuna bai yi alwala ba.

Ɗan rakiya

Maƙwabci ne da ya zo rakiya bakin titi, motar ta tashi da shi. Ba ya cikin lissafin maigida, amma yana cikin na uwargida, wadda ta san halinsa ta ƙara mudu. Yana ɗaukar yaro a kafaɗa, yana riƙe buta, yana yaba girki, kuma hannunsa ba ya shiga aljihu sai in sanyi ake yi.

Wanda bai je ba

Shi ne cikon rukunan. Ya yini a gindin darbejiyar majalisa, ya ce kallo aikin marasa aiki ne. Da magariba yana nan a mararraba, duk wanda ya dawo sai ya tsayar da shi: nawa bijimi ya kai, wa aka kayar a dambe, ɗan wa ya ɓata, ɗan birni ludayi nawa ya sha. Kafin isha ya haɗa labaran wuri guda, ya cike giɓi da nasa. Washegari, waɗanda suka je da ƙafarsu wurinsa suke zuwa su ji abin da ya faru, kuma ko kawu masani ba ya musu da shi.