Neman Mai Karatu a Birnin Kano

Wani abokina, malamin firamare a cikin birnin Kano, ya wayi gari a shekarar 2008 da tabbacin cewa Allah ya yi shi marubuci. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya ga yadda In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya shiga gida-gida, ya ga mata na rububin Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa, ya kuma ji ƙurar da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ya tayar a kan zaman aure. Gogan ya ce ai su ma biro suka riƙe. Ya duƙufa ya rubuta nasa, ya kwashi adashinsa ya kai maɗaba'a. Ni kuwa abin da ya jefa ni cikin maganar shi ne ina da babur, don haka na zama ɗan dako ba tare da an nemi shawarata ba.

Muka ɗaure kwali biyu a baya, muka nufi wajen masu sayar da littattafai a Sabon Gari. Dillalin farko ya karɓi littafin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, bai ko buɗe ba.

"Malam, ina na biyu?"

"Ai labarin ya ƙare a nan, Alhaji."

"To me zai dawo mini da mai karatu?"

Nan aka yi wa malamin makaranta darasi a tsaye. A lokacin, littafin kasuwar Kano siriri ake yin sa, a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Kuma ba ko'ina ake yankewa ba. Sai miji ya ɗauko takarda da biro, mata ta durƙusa tana kuka, sannan marubuci ya ce mu haɗu a littafi na biyu. Gogan kuwa ya haɗa aure da saki da kome duk a tsakanin bango guda, ya sallami mai karatu da kansa. Bangon ma bai tsira ba. Shi ya sa an zana masa alƙalami da hudowar rana, alhali littattafan da ke kewaye da shi fuskokin 'yan mata ne reras. Dillalin ya ce a ajiye goma, in an saya a zo a karɓi kuɗi. Wannan "in" ɗin ita ce jarin sabon marubuci gaba ɗaya.

Sai aka ba shi shawarar ƙaddamarwa. Aka yi hayar rumfa da kujeru, aka sayo lemo. Babban mai ƙaddamarwa bai zo ba, ya turo wakili, wakilin ya karɓi lasifika ya ce maigida ya sayi kwafi biyar a kan kuɗin da ya sa maroƙi ya kusa shaƙewa. Har yau kuɗin suna hanya. Mahalarta dai sun amfana da littafin, domin ranar an yi zafi, kuma yana fifita da kyau.

Abin da ya fi cin ran gogan bai shafi kuɗi ba. So yake a ce masa an karanta. A da marubuta kan sa adireshi a ƙarshen littafi, masu karatu su aiko da wasiƙu, a jero sunayensu a shafin gaisuwa na littafi na gaba, daga Zariya har Maraɗi. Da wayar hannu ta zo, lamba ta maye gurbin adireshi. Shi ma ya sa tasa, da manyan baƙaƙe. Ya riƙa kwana da waya a gefen matashi. Duk filashin da aka yi masa sai ya sa katinsa ya kira, ya gyara murya ya ce, "Marubuci ne ke magana." Wani ya tambaye shi ko ya gama gyaran janaretan.

Ya koma maɗaba'a aka sake masa bango, aka ɗora hoton wata kyakkyawa. Kira ya fara shigowa kuwa, samari ne zalla, kowa da buƙata ɗaya: lambar yarinyar da ke jikin bango.

A wajen mai ba da hayar littattafai na unguwa muka gane inda masu karatu suke. Yawancinsu mata ne a cikin gidaje, kuma ba kowacce ke saye ba. Yaro ake aikowa da 'yan canji ya karɓo na kwana ɗaya, littafi guda ya zaga gida goma kafin ya dawo. Darajar littafi a wannan tebur ita ce yagewarsa. Waɗanda ake so duk sun yi laushi, an ɗinke su da zare, ga tabon manja, wata ma ta rubuta "Allah ya isa" a gefen shafi saboda haushin kishiyar cikin labari. Na abokina yana can ƙarshe, fes, shafukansa ko rabuwa ba su yi ba. Ya daɗe yana shafa wani yagaggen littafi da hassada a fuskarsa. A hanyar komawa ya tuno yadda aka ƙona littattafan soyayya a Kano a 2007, zamanin shirin A Daidaita Sahu, ya yi ajiyar zuciya ya ce su dai sun ji daɗi, tunda sai da wani ya karanta kafin ya ɗauko ashana.

Ashe mai karatu tana nan kusa. Matarsa ta ba ƙanwarta kwafi ɗaya, ƙanwar ta kai gida, aka zauna bayan isha'i tana karanta wa matan gidan da ƙarfi. A cikin labarin akwai wata Hajiya mai haƙorin Makka, mai sayar da atamfa bashi, wadda in ta zo duba 'yarta da haihuwa ba ta tafiya sai an yi arba'in an ɗora. Surukar abokina tana da haƙorin Makka. Tana kuma sayar da atamfa.

Washegari da asuba waya ta yi ƙara. Gogan ya gyara murya zai ce marubuci ne, sai ya ji muryar da ta sa ya durƙusa a tsakar ɗaki, shi kaɗai.

"Hajiya, kun tashi lafiya?"

Ba a amsa gaisuwar ba. Amma a iya sanina babu marubucin da aka taɓa yi wa sharhi mai zurfi irin wanda ya samu a safiyar nan. Babi-babi ta bi shi. Ta tuna abin da Hajiyar labari ta faɗa a kan cefane, ta gyara masa farashin atamfa, ta kuma tambayi wace ce Zulaihat ɗin da jarumin ke yi wa wasiƙa. Kafin azahar uwargida ta haɗa kayanta.

Da babur ɗin dai muka tafi biko. Tun daga bakin layi mata ke leƙowa ta soro, yara na nuna shi suna cewa ga mai littafin nan. Labari ya riga ya zaga, kowace suruka a unguwar tana son ta ji ko da ita a ciki. A makon nan dillalin Sabon Gari ya kira da kansa, ya ce goman sun ƙare, a ƙaro hamsin.

Sharaɗin Hajiya ɗaya ne. Dole a yi na biyu, a wanke Hajiyar labari tas, a kai ta Umra, surukin kuma ya zo ya nemi gafara a gaban mutane. Gogan ya amince. Duk babin da ya gama, ni nake kai shi gidan a karanta mata kafin ya wuce maɗaba'a, kuma ta sa an cire Zulaihat tun a shafi na uku.