Sunan Manya Ba Ya Shiga Kowane Baki

Idan aiki ko aure ya kawo ka Tambuwal, ko ka zarce Kebbe, fara koyon haɗiye suna. Ko ka san sunan yankan ubangidanka, bar shi a ciki. "Ranka shi daɗe" ake cewa a nan, da "shi" ɗin Sakkwatawa. In ka ce "ya daɗe" ba ka yi laifi ba, sai dai duk zauren ya gane daga gabas ka fito.

Sannan ka auna wa kowa da mudunsa. Sarkin Musulmi Mai Alfarma ne, manyan sarakuna Masu Martaba, gwamna Mai Girma. Malamin da ke biya maka karatu "Allah shi gafarta Malam" ne nasa, kana durƙushe, takalmanka na waje. Kada ka kuskura ka ce masa Oga. Wannan na tasha ne, tsakanin yaron mota da direba. Wanda aka naɗa kuwa, rawani ya rufe sunansa. Aminu Waziri Tambuwal ya yi Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya yi gwamna shekara takwas, amma a gida kana cewa Mutawalle an san wa kake nufi. Marigayi Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, sunansa Usman. Shehu laƙabi ne da ake sakaya masu sunan Ɗanfodiyo da shi. Garin Tambuwal kuwa, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Ɗanfodiyo ya zauna, ba ya wasa da wannan ladabi.

Amarya, matso kusa. Mijinki Garba ne a bakin abokansa. A naki bakin Malam ne, ko Alhaji in ya sauke farali, ko Baban Wance in an samu ƙaruwa. Uwargida Yaya ce, ko da kin girme ta. Ranar da aka mayar wa jaririnki da sunan surukinki, yaron ya zama Abba har ya yi furfura. Wuyar tana asibiti. Ma'aikaciya ta ɗaga biro ta ce, "Sunan maigida?" Sai baiwar Allah ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta zunguri 'yarta: "Ke, faɗa mata sunan babanku." Layi na jira, yarinya na tsotsar yatsa. Don haka ki tafi da yaro mai wayo, ko ki sa a rubuta miki a takarda tun daga gida.

Kai kuma na sama, a nan ne maganar ta fi damuna. Mutum ya shekara ashirin yana riƙe maka jaka, ya aurar da 'ya'ya, sannan a gaban jama'a ka ce masa "kai yaro"? Ce masa Malam Wane. Matar da ke ɓoye sunanka don kunya ba ta cancanci "ke" a gaban baƙi ba. Hajiya ce, ko Maman Wane. Laƙabin tsokana ka bar wa taubasai, da kaka mai kiran jikanta maigidanta tana neman kuɗin cefane.

Sababbin ma'aurata masu Habibi da Masoyiya, ba mai hana ku, amma a tsaya da su a ƙuryar ɗaka. Kuma ki duba sunan da kika ajiye lambar mijinki da shi kafin ki miƙa wa surukarki wayar ta haska hanyar bayi, don a daidai lokacin yake kira.